Amsoshin Tambayoyinku: Soyayyen Dankali a Kasko

Wannan saƙon daga wata uwargida ne a Yola ta ƙaramar hukumar Karaye, Yolar Kano ke nan, ba ta Adamawa ba. Ta ce duk sanda ta soya dankalin Turawa a kasko don abincin dare, sai ya dagargaje ya kama gindin kasko, maigida kuma ya yi shiru, yara su ture kwano. Ina gyaran yake?

To Hajiya, mun gode. Ruwa ne ke ɓata miki girki. Bayan kin fere dankalin kin yanka shi ƙanana, ki tafasa shi da gishiri kamar minti 5 kawai, kada ya nuna lugub. Ki tsane shi a matsami har tururin ya gama fita. A bushe zai shiga kasko, a bushe, Hajiya.

Man gyaɗa kuma sai ya yi zafi. Ki jefa yankan albasa, in ya yi ƙara nan take, to ya isa. Kada ki cika kaskon, kuma ki daina yawan juyawa. Ki ƙyale shi gefe ɗaya ya yi ja tukuna. Albasa da attaruhu a ƙarshe suke shiga, don saurin ƙonewa gare su.

Mafi yawan dankalin nan daga Filato ake kawo shi, wani ya sha rana a hanya. Inda ya yi kore ko ya tsiro, ki yanke ki zubar, akwai dafi a wurin. Dankalin Hausa ma haka ake soya shi, sai dai a rage wuta saboda zaƙinsa.