Yadda Ake Auna Wahalar Mai Ciwon Fata

Likita yana iya auna zafin jikin majiyyaci, yana kuma iya auna faɗin ƙurajen da suka feso masa. To, amma da me zai auna kunyar ɗalibin da makero ya ci wa kai, har ba ya yarda ya cire hula a gaban 'yan ajinsu? Yawancin cututtukan fata ba sa kisa, shi ya sa aka daɗe ana raina su, alhali kuwa ɗan tabo a fuska yakan fi damun mutum a kan babba wanda riga ta rufe.

A shekarar 1994 wasu masana biyu a birnin Kadif na Birtaniya, Andrew Finlay da Gul Karim Khan, suka fito da ma'aunin da ake kira DLQI. Ba su zauna sun ƙago tambayoyinsa da ka ba. Majiyyata 120 suka fara tambaya yadda ciwon yake dagula musu rayuwa, daga amsoshinsu kuma aka tace tambayoyi goma. Akwai ta ƙaiƙayi da raɗaɗi, da ta jin kunya, da ta suturar da ciwon ya tilasta wa mutum sawa, sannan aiki ko karatu, wasanni, cefane, zumunci da zaman aure. Har wahalar maganin kanta an tambaya, domin shafe-shafe yana cin lokaci, yana ɓata tufafi da shimfiɗa.

Dukkan tambayoyin a kan kwana bakwai da suka wuce suke, kuma majiyyaci ne yake amsawa da kansa. Kowace amsa tana da maki daga 0 zuwa 3, jimla 30, kuma yawan maki yawan wahala. Wanda ya haura 10, ciwon ya taɓa rayuwarsa ƙwarai. A Ingila wannan adadi yana cikin sharuɗɗan ba mai cutar soriyasis wasu magunguna masu tsada. An yi wa yara nasu ma'aunin a 1995.

Sai dai akwai gyara. Wanda ya amsa da "wannan bai shafe ni ba", sifiri ake rubuta masa. Tsohuwar da ba ta wasanni, ba ta zuwa aiki, mijinta kuma ya rasu, makinta zai iya fitowa ƙasa da na saurayi ko da ta fi shi shan wuya, wannan kuwa yana iya hana ta maganin da ta cancanta.