Rubutun da Inji Ke Yi a Jikin Kaya: Yaya Za Mu Faɗe Shi da Hausa?

1.0 Gabatarwa

Ni Gbagyi ce, a Kubwa na tashi, kuma a bakin maƙwabta na fara tsintar Hausa kafin na zo nazarinta a jami'a. A hutun da ya wuce wata dattijuwa maƙwabciyarmu ta miƙo mini kwalbar maganin tari na jikanta, ta ce, "'Yata, duba mini, wannan bai lalace ba?" Na ga kwanan wata biyu a jiki, na kuma san bambancinsu, amma na rasa kalmar da zan faɗa mata. Sai kame-kame na yi ta yi. Wannan kunya ce ta haifi wannan muƙala, wadda za ta duba yadda ake yin rubutun da abin da yake nufi, sannan ta ba da shawarar sunayen Hausa.

2.0 Yadda Ake Buga Rubutun

A masana'antar zamani kaya kan bi layi a kan bel mai tafiya, babu mai tsayar da su. Idan kwalba ta iso, na'ura mai hango wucewar kaya takan sanar da injin bugawa. Shi kuma sai ya feso ƙananan ɗigon tawada, wutar lantarki ta karkatar da kowane ɗigo zuwa gurbinsa, ba tare da injin ya taɓa kwalbar ba. Shi ya sa lambobin suke fitowa ɗigo-ɗigo a wuyan gorar ruwa ko gindin gwangwani. Wani injin kuma da hasken leza yake ƙona rubutun, don haka ba ya gogewa.

3.0 Ire-iren Lambobi da Sunayensu

(a) MFD ko MFG: ranar da aka yi kayan. Ina ganin "ranar yi" ta wadatar.

(b) EXP: ranar da kayan suka tashi daga aiki, musamman magani. A nan "ranar ƙarewar aiki" ta dace.

(c) BB: an fi ganin ta a kan abinci da abin sha. Ma'anarta kayan sun fi inganci kafin wannan rana, wato "ranar raguwar inganci". Kuskure ne a haɗa ta da ta sama a kira su duka "ranar lalacewa".

(d) BN ko LOT: lambar kayan da aka haɗa a zubi ɗaya. Tunda Bahaushe na cewa zubin farko, zubi na biyu, sai na zaɓi "lambar zubi".

(e) Lambar NAFDAC: shaidar cewa hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, wadda aka kafa da doka ta 15 ta shekarar 1993, ta yi wa kayan rajista. Daga 2010 aka ƙaro lambar kankarewa a kan wasu magunguna, wadda mai saye zai tura ta saƙon waya don ya tabbatar ba jabu ba ne.

(f) Zanen layuka baƙaƙe da farare da na'ura ke karantawa a kanti: wasu na cewa "bakod", ni kuwa "lambar zane" ta fi kwanta mini. An fara sayar da kaya da ita a ranar 26 ga Yuni, 1974, a garin Troy na jihar Ohio a Amurka, a kan ƙunshin cingam. Wadda muka fi gani tana da alƙaluma 13. Idan ta fara da 615, kamfanin ya karɓi lambarsa ne a Nijeriya, amma wannan ba ya nufin lallai a nan aka yi kayan.

4.0 Me Ya Sa Abin Yake da Muhimmanci?

Daga ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009, maganin haƙoran yara mai suna My Pikin, wanda wani sinadari mai guba ya gurɓata, ya yi sanadin mutuwar yara aƙalla 84 a Nijeriya. A irin wannan hali lambar zubi ce ke nuna kwalaben da suka fito daga tukunya ɗaya, domin a janye su daga kasuwa. To, idan an yi sanarwar janyewa a rediyo da Hausa, alhali mai fassara bai da sunan wannan lamba, yaya uwa za ta san inda za ta duba?

5.0 Kammalawa

Waɗannan sunaye shawara ce kawai ta ɗaliba mai koyo, ina kuma roƙon malamaina da 'yan'uwana ɗalibai su gyara mini. Sai dai na gwada biyu daga ciki. Da na koma wurin maƙwabciyarmu na ce, "Mama, ta sama ranar yi ce, ta ƙasa ranar ƙarewar aiki, kuma ta wuce da wata uku." Nan take ta gane, ta ce, "Ashe da na shayar da yaro wahala." Ba ta nemi ƙarin bayani ba, ta aiki jikanta babba kemis.