Koyon Harshen Waje da Waya: Shawarwari Uku Daga Bincike

A shekarun 1960 da 1970 Jami'ar Illinois ta Amurka ta koyar da harsuna da tsarin kwamfuta mai suna PLATO. Yau darasin ya shiga aljihu ta manhajoji irin su Duolingo, wadda ta fito a 2012. Ga mai son cin moriyarsu, abubuwa uku sun cancanci kulawa.

Na farko, ya rarraba bita. Tun 1885 Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri a sa'o'in farko bayan koyo. Shi ya sa manhajar Anki ke dawo da kalma dab da lokacin da za ta kuɓuce. Bita kaɗan kullum ta fi dogon zama sau ɗaya a mako.

Na biyu, idan zai kalli bidiyo, ya kunna rubutun ƙasan allo cikin harshen da yake koyo. Ya saurari jimla, ya dakatar, ya maimaita da bakinsa.

Na uku, ya yi magana. A 1985 Merrill Swain ta lura cewa yaran Kanada masu karatu da Faransanci suna fahimta sosai, amma nahawunsu na da rauni saboda ƙarancin yin magana da harshen. Malamai ma na iya taimakawa: shirin Cultura na jami'ar MIT, da aka fara a 1997, ya haɗa ɗaliban Amurka da na Faransa ta intanet. Malamin da bai da ɗakin kwamfuta zai iya buɗe rukunin WhatsApp, kowane ɗalibi ya turo saƙon murya na minti ɗaya, shi kuma ya gyara kuskure ɗaya ko biyu a kowane saƙo.