Darasi na 9: Zaftarewar Gaɓa da Zaftarewar Dusar Ƙanƙara

Matafiyan da kan ratsa fadamun Gulbin Zamfara da damina, a yankin Tambuwal da Kebbe, sun san hatsarin gaɓa. Gaɓar da ke tsaye ƙyam da rani takan zaftare da jaki da kayansa a watan Agusta ko Satumba.

Dalili kuwa shi ne, ƙasar gaɓa hawa-hawa take. Inda rairayi ya hau kan yumɓu, ruwan sama kan ratsa rairayin da sauri, ya iske yumɓu ya tsaya, sai mahaɗar biyun ta yi santsi. Igiyar ruwa kuma tana cin gindin gaɓar a hankali. Abin mamaki, hatsarin ya fi tsanani sa'ad da gulbi ya fara janyewa, lokacin da mutane kan saki jiki, domin ruwan da ke tokare da gaɓar ya tafi, ita kuwa tana nan jiƙe da nauyinta. Alamomin da ake dubawa su ne tsaga mai bin tsawon gaɓa, da bishiyar da ta karkata, da ruwa mai tsattsafowa daga jikin ƙasa.

Haka al'amarin yake a duwatsun Alps na Turai da hunturu. Sabuwar dusar ƙanƙara kan sauka bisa tsohuwa maras ƙwari, nauyin mutum guda ya isa ya sa na saman ya sulale gaba ɗaya, musamman a gangaren da karkatarsa ta kai digiri 30 zuwa 45. A Fabrairun 1999 irin wannan zaftarewa ta kashe mutum 31 a ƙauyen Galtür na ƙasar Ostiriya. Shi ya sa hukumomin can kan sanar da matakin hatsari, daga 1 zuwa 5, matafiya kuma kan haƙa rami su duba hawan dusar, sannan su ƙetare gangare ɗaya bayan ɗaya.

Malamin da zai koyar da wannan batu ya fara da gaɓar da ɗalibansa suka sani, kafin ya kai su Turai. Ya kuma bambanta musu dusar ƙanƙara da ƙanƙarar da kan sauko da ruwan sama, domin yara kan haɗa su.

Aiki

1. Me ya sa janyewar gulbi kan ƙara hatsarin gaɓa?
2. A tattaro kalmomi biyar na karin harshen Sakkwatanci masu bayyana nau'o'in ƙasa, a kawo takwarorinsu a daidaitacciyar Hausa.