Idan Mai Tsokana Ya Shiga Zumunci

Karatu: Titus 3:9-11, Matiyu 18:15-17

Hausawa sun ce zo mu zauna, zo mu saɓa. Duk inda 'yan'uwa suke taruwa, ko a zumuntar mata, ko ƙungiyar matasa, ko ajin nazarin Littafi Mai Tsarki, ba a rasa saɓani. Amma akwai bambanci tsakanin ɗan'uwan da ransa ya ɓaci da mutumin da tsokana ta zame masa hali. Shugaban da bai rarrabe su ba zai kori mai gaskiya, ya bar mai ɓarna.

A Filibi, Afodiya da Sintiki sun sami saɓani, alhali dukansu sun yi fama tare da Bulus a aikin bishara. Bulus bai faɗi wadda take da laifi ba. Ya roƙe su su shirya, ya kuma nemi wani amintacce ya taimake su (Filibiyawa 4:2-3). A Urushalima kuma, da aka yi gunaguni cewa ana tsallake waɗansu gwauraye wajen rabon abinci, manzanni ba su kira masu kukan 'yan tawaye ba. Sun gyara abin, aka zaɓi mutum 7 su kula da rabon (Ayyukan Manzanni 6:1-6). Saboda haka wanda ya nemi bayani a kan kuɗin baiko ba lalle mai tsokana ba ne.

Mai tsokana dabam yake. Ba amsa yake nema ba, so yake ya ga rai ya ɓaci. Ka ba shi amsa yau, gobe ya kawo wata gardamar. Irinsu Titus ya tarar a tsibirin Karita, masu jayayya a kan asalin kakanni da Shari'a. Me za mu yi da shi?

1. Kada ka ƙara wa wuta itace. Karin Magana 26:20-21 ta kwatanta mai husuma da itacen da ke raya wuta. Idan ya jefa magana cikin taro, ba dole kowa ya amsa ba. Shugaba ya ce, "Mun ji, za mu zauna da kai bayan an tashi," a ci gaba da darasi.

2. Ka same shi a keɓe. Ubangiji Yesu ya ce a fara tsakaninku ku biyu. In bai ji ba, ka tafi da mutum ɗaya ko biyu. Wanda aka kunyata a gaban jama'a da wuya ya sauko.

3. Gargaɗi yana da iyaka. Bulus ya umarci Titus ya gargaɗi mai raba kan jama'a sau ɗaya, sau biyu, sa'an nan ya fita sha'aninsa. Wannan hukunci na dattawan ikkilisiya ne, ba na wanda aka ɓata wa rai ba. Shugaban da ya yi shiru don gudun rigima zai ga masu kunya da sababbin tuba suna janyewa ɗaya ɗaya, ba kuwa za su faɗa masa dalili ba.

4. Ka bar ƙofa a buɗe. Wanda aka hora ba maƙiyi ba ne, ɗan'uwa ne (2 Tasalonikawa 3:15). Abin da muke nema shi ne ya tuba ya dawo.

Tambayoyi: Akwai wanda nake zancensa da kowa amma ban taɓa samunsa ni kaɗai ba? Maganata a taro tana kashe wuta ko tana hura ta?

Addu'a: Ya Uba, ka tsare harshena. Ka ba shugabanninmu hikima da ƙarfin hali, ka komo da waɗanda suka bauɗe. Cikin sunan Yesu, amin.