Sabon Kamfani: Shirin Da A Ke Yi Kafin A Soma Ciniki

Masu iya magana sun ce, ba a fafe gora ranar tafiya. Mutane da yawa, da zarar takardar rajistar kamfani ta shiga hannunsu, sai su buɗe ƙofa su soma saye da sayarwa. To, takardar nan shaidar haihuwa ce kurum, akwai sauran reno.

Abin da za ka fara ganewa shi ne, a wurin shari'a kamfani kamar mutum ya ke mai zaman kansa. Yana mallakar dukiya, ya ci bashi, ya yi ƙara, a kuma yi ƙararsa. Dukiyarsa dabam, taka dabam, ko da kai ka kafa shi.

Ga wani labari da zai nuna maka haka. A ƙasar Ingila an yi wani mai sana'ar takalma wai shi Aron Salomon. Cikin 1892 ya mai da sana'arsa kamfani, ya sa matarsa da 'ya'yansa biyar ciki, kowa da hannun jari ɗaya, saura duka nasa. Ba a daɗe ba ciniki ya lalace, kamfani ya faɗi. Aka ce Salomon ya biya bashi daga aljihunsa, tun da shi ne kamfanin. Magana ta kai gaban manyan alƙalan ƙasar. Cikin 1896 suka yanke hukunci, suka ce bashin kamfani na kamfani ne. Dokar Nijeriya ma a kan wannan ta tsaya.

Saboda haka duk shirin da za ka yi manufarsa ɗaya ce, watau ka raba aljihun kamfani da naka. Dokar kamfanoni ta 2020 ta yarda ko mutum ɗaya ya kafa ƙaramin kamfani, amma kada hannun jarinsa ya kasa naira 100,000. Hukumar CAC, wadda aka kafa cikin 1990, ita ke yin rajista. In ta ba ka takarda, ga abin da ya rage.

Na fari, taro. Shugabannin kamfani, waɗanda a ke ce wa darektoci, sai su yi zamansu na farko kafin wata shida ya cika. A nan za su zaɓi banki, su faɗi wanda zai riƙa sa hannu a fitar da kuɗi. Duk abin da aka zartar a rubuta shi.

Na biyu, jari. Kowa ya kawo abin da ya yi alkawari, a rubuta sunansa da yawan hannun jarinsa cikin littafi. In kamfani ya faɗi, abin da ya rage maka biya cikin alkawarin nan shi kaɗai za a bi ka.

Na uku, banki. A buɗe asusu da sunan kamfani, a kuma tabbata an sami lambarsa ta haraji. Kada ka ɗebi kuɗin cefane daga ciki. In kana yi wa kamfani aiki, a yanka maka albashi kamar kowa.

Na huɗu, lissafi. A nemi akawu amintacce, ya riƙa rubuta abin da ya shigo, da abin da ya fita, da kayan da ke sito, da bashi. Doka ta ce a adana littattafan nan shekara shida. Kowace shekara kuma sai an aika wa hukuma da bayanin kamfani, wanda ya yi sakaci a ci shi tara.

Na biyar, suna da izini. A kafa allo mai sunan kamfani a ƙofar wurin aiki, inda kowa zai iya karantawa. Waɗansu sana'o'i kuwa ba a soma su sai da izini na musamman. Mai son yin magani ko abincin gwangwani don sayarwa, sai ya nemi yardar hukumar NAFDAC tukuna.

Na shida, ma'aikata. Wanda aka ɗauka a ba shi takarda kafin wata uku, mai nuna aikinsa da ladansa.

Amma fa ka sani, garkuwar nan ba ta kare azzalumi. In alƙali ya gane an gudanar da kamfani da nufin cin dukiyar masu bin bashi, yana iya sa wanda ya yi haka ya biya daga dukiyarsa. Wanda ya yi shirinsa da gaskiya, ya tsare lissafinsa, shi ne zai buɗe ƙofa hankalinsa kwance.

Tambayoyi

1. Wane hukunci aka yanke cikin shari'ar Salomon?
2. Me a ke yi a zaman darektoci na farko?
3. Shekara nawa a ke adana littattafan lissafi?
4. Don me ba a gama kuɗin kamfani da na gida?