Wa Ke Riƙe da Makullin Sef? Rabon Izini a Ma'ajiyar Makullan Sirri

Duk wanda ya taɓa zaman shago a Kantin Kwari ko kasuwar Sabon Gari ya san makulli ba iri ɗaya ba ne. Yaron shago yana da na ƙofa, ya buɗe da safe ya share. Akawu yana da na durowar ciniki. Na sito da na sef kuwa suna aljihun Alhaji. In an sallami yaro, na ƙofa kawai ake karɓa a miƙa wa sabo.

To, 'yan uwa na sashen kwamfuta, tsarin nan shi ake kira RBAC, wato rabon izini bisa matsayin aiki. David Ferraiolo da Richard Kuhn na hukumar NIST ta Amurka ne suka tsara shi a rubuce a 1992. Izini yana rataye ne a jikin matsayi, sannan a ɗora mutum a kan matsayin.

Mu ce ka rubuta wa wani ɗan canji a Wapa manhajar lissafi. Tana buƙatar kalmar sirrin rumbun bayanai da makullin da ke kulle bayanan kwastomomi. Yawancinmu, har da ni a firojet ɗina na farko, cikin lambobin manhajar muke liƙa su, mu tura GitHub. Ta irin wannan hanya aka shiga wa Uber a 2016: masu kutse sun tsinci makullan shiga a GitHub, suka kwashe bayanan mutum miliyan 57. Maganin shi ne ma'ajiya ta musamman a girgije, wato manyan kwamfutocin haya na intanet. Microsoft na da Azure Key Vault, Amazon da Google kowa na da tasa. Da ta Azure zan yi misali.

Kowane rabon izini yana amsa tambaya uku: wa, wane matsayi, kuma a ina. Ga shi a layi ɗaya:

az role assignment create --role "Key Vault Secrets User" --assignee LAMBAR_MANHAJA --scope ADIRESHIN_MA'AJIYA

Wannan matsayi karanta sirri kawai yake yi, ba ya gogewa, ba ya canzawa. Mai iya waɗannan shi ne Key Vault Secrets Officer. Key Vault Administrator kuwa Alhaji ne, kada ka ba manhaja shi don kawai ka gaji da ganin kuskuren 403. Sau da yawa ma izinin daidai yake, yakan ɗauki 'yan mintuna ne kafin ya fara aiki. Ka ɗan jira tukuna. Sannan ka lura da wurin da ka ɗora shi: in a kan asusun gaba ɗaya ne, duk ma'ajiyun da ke ƙarƙashi sun gaje shi.

Inda ɗalibai suka fi ruɗewa shi ne bambancin sirri da makulli. Sirri, kamar kalmar shiga rumbun bayanai, ana miƙa wa mai izini ya gani da idonsa. Makulli kuwa ba ya fitowa daga ma'ajiya. Mai matsayin Key Vault Crypto User yana tura abu a sa masa hannu ko a buɗe masa, a dawo masa da sakamako, kamar ka miƙa takarda ta taga a buga maka hatimi, hatimin bai zo hannunka ba. Saboda haka in ka cire wa mutum izinin makulli, magana ta ƙare. In na sirri ne fa, ai ya riga ya gani, wataƙila ma ya kwafa a waya. Dole ka canza sirrin kansa.

Me ya sa za a rubuta umarni alhali ana iya dannawa da linzami? Domin abin da aka danna mantuwa ake yi da shi. In yana cikin fayil a Git, ana ganin wanda ya ƙara wa, da ranar. Kuma in bayanan kwastomomi suka fita ta yadda za su iya cutuwa, Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ce a sanar da hukumar NDPC cikin awa 72. Ranar nan tambayar farko ita ce su wa ke da izini.

Masu shirin tafiya SIWES, ku roƙi wanda ke kula da ku ya gudanar da az role assignment list a kan ma'ajiyarsu, ku karanta sunayen tare. A inda na yi nawa, mun tarar da sunan wani da ya bar aiki tun kafin zuwana, har lokacin yana Administrator. Da az role assignment delete muka cire shi, sannan muka wuni muna canza duk sirrin da ke ciki.